Ranar da Aka Janye Iskar Kabon: Nazarin Yadda Ƙwayar Synechocystis Ke Tsira a Cikin Ƙarancin CO2

Akwai wani gwaji da ɗakunan bincike da dama suka maimaita har ya zame musu jiki. Ana zuba ruwan rainon ƙwayoyin halitta da ake kira BG-11 a kwalba, a saka ƙwayar Synechocystis PCC 6803, a kunna mata fitila, a riƙe zafin wurin a kan digiri 30, sannan a riƙa hura mata iskar da aka ƙara wa kabon dayoksaid, wato CO2, har ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Ba a ɗaukar kwanaki da yawa ruwan zai yi kore shar. Sai rana ɗaya a rufe bututun, a wanke ƙwayoyin don kada ragowar kabon ya biyo su, a mayar da su sabon ruwa, a koma hura musu iskar da ni da kai muke shaƙa. CO2 ɗin da ke cikin wannan iska bai wuce kashi 0.04 cikin ɗari ba. Ke nan an rage musu abinci kusan ninki ɗari a lokaci guda.

Ƙwayoyin ba sa mutuwa. Girmansu yana ja da baya, amma cikin 'yan sa'o'i sai a tarar sun koma suna zuƙar kabon daga ruwan da a jiya ba za su iya samun komai a cikinsa ba. Abin da ke faruwa a cikin waɗannan sa'o'i shi ne lamarin da za mu bi diddiginsa.

Wace ce wannan ƙwaya

Synechocystis tana cikin dangin sayanobakteriya, bakteriya masu launin kore-shuɗi da ke haɗa abincinsu da hasken rana kamar tsirrai. Kakanninsu ne suka fara cika sararin duniya da oksijin, wajen shekaru biliyan 2.4 da suka wuce. Wannan nau'in an samo shi ne a wani tafkin ruwan daɗi a Kalifoniya ta Amurka a 1968, aka ajiye shi a ma'ajiyar ƙwayoyin halitta ta Cibiyar Pasteur da ke Paris, inda ya samu lambarsa. A 1996 masu bincike na cibiyar Kazusa a Japan suka karanta kundin gadonsa gaba ɗaya, ya zama halitta ta farko mai cin abinci daga haske da aka yi wa haka. Tana karɓar baƙon DNA cikin sauƙi, saboda haka ana iya cire mata ƙwayar gado ɗaya a ga abin da zai lalace. Yawancin abin da aka sani game da wannan batu ta wannan hanya aka same shi, a jikinta da kuma jikin 'yar'uwarta Synechococcus PCC 7942.

Tushen matsalar

Mafi yawan kabon da zai shiga jikin ƙwayar sai ya bi ta hannun inzayim guda ɗaya, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, mai suna Rubisco, wanda ke ɗaura CO2 a kan wani sukari mai suna RuBP. Rubisco yana da rauni biyu. Na farko, yana da nawa. Na biyu, ba ya bambanta CO2 da oksijin sosai, kuma iskar duniya a yau kashi 21 cikin ɗari oksijin ce. Idan ya kama oksijin a maimakon CO2, sai ya haifar da wani sinadari, 2-fosfogilaikolet, wanda ake taƙaitawa da 2PG. Wannan guba ne ga ƙwayar, domin yana tsayar da wasu inzayim na hanyar haɗa sukari, kuma kawar da shi yana cin ƙarfi, yana sa a yi asarar kabon da aka riga aka kama.

Rubisco na sayanobakteriya ya fi na tsirrai sauri, amma ya fi shi buƙatar yalwa. Kafin ya yi aiki da rabin ƙarfinsa yana son CO2 sama da maikuromola 150, alhali ruwan da ya daidaita da iskar waje bai ɗauke da fiye da 10 zuwa 15. Ga shi kuma CO2 yana tafiya a cikin ruwa a hankali ƙwarai, kusan ninki 10,000 ƙasa da yadda yake yawo a iska. Da a ce ƙwayar za ta zauna ta jira abin da ya sirnano mata ne kawai, da Rubisco ɗinta ya ƙare a kamun oksijin.

Amma ruwa yana da wata ajiya. Idan CO2 ya narke, yawancinsa yakan rikiɗe ya zama bayikabonet. A ruwan da ma'aunin pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, ya kai 8, fiye da kashi 95 cikin ɗari na kabon yana cikin wannan siffa ne. Bayikabonet yana ɗauke da cajin lantarki, don haka ba ya ratsa fatar ƙwaya da kansa kamar yadda CO2 ke yi. Wannan hali yana da amfani ta fuska biyu: sai an yi masa ƙofa kafin ya shiga, amma idan ya shiga ba ya fita da sauƙi. A kan wannan ne dukkan dabarar ta ginu.

A 1980 Aaron Kaplan da Murray Badger da Joseph Berry, suna aiki a cibiyar Carnegie da ke harabar Jami'ar Stanford, suka nuna cewa wata sayanobakteriya mai suna Anabaena da aka raina a ƙarancin CO2 tana tara kabon a cikinta fiye da na ruwan da ke kewaye da ita nesa ba kusa ba. Daga baya an auna tarin da ya kai milimola 20 zuwa 40, wanda a wasu yanayi ya ninka na waje har sau dubu.

Mintunan farko: yadda ƙwayar ke gane cewa abu ya canza

Wannan ɓangare ne ya fi ɗaukar hankalina, domin mutum zai zaci ƙwayar tana da wani ma'auni a bayan fatarta da ke ƙidaya CO2 na waje. Abin da bincike ya nuna shi ne mafi yawan labarin daga cikin gida take samunsa.

Da zarar an janye iskar, Rubisco yana fara kuskure fiye da da, 2PG ya taru. RuBP ma yana taruwa, tunda babu isasshen CO2 da za a ɗaura masa. A ɗaya gefen kuma wani sinadari, 2-oksogulutaret, wanda ke yawaita idan kabon ya wadata, yana raguwa. Furotin biyu ne ke karanta waɗannan alamu.

Na farkonsu NdhR, wasu na kiransa CcmR. A lokacin yalwa yana zaune daram a kan DNA, ya danne ƙwayoyin gadon da ke ƙera ƙofofin gaggawa. Ɗakin binciken Robert Burnap a Jami'ar Jihar Oklahoma ya nuna a 2012 cewa 2-oksogulutaret yana ƙara masa riƙo. A 2018 wasu masu bincike a Sin suka fitar da siffar furotin ɗin, suka ga cewa idan 2PG ya shige shi, siffarsa tana canzawa, ya saki DNA. Na biyu, CmpR, aikinsa kishiyar wannan ne: shi mai kunnawa ne, kuma RuBP da 2PG su ne ke ƙarfafa kamunsa a kan DNA.

Ke nan gubar da kuskuren Rubisco ya haifar ita ce saƙon da ke buɗe maganin kuskuren. A ganina babu ma'aunin da ya fi wannan dacewa, domin abin da ya dami ƙwayar ba yawan CO2 na waje ba ne, a'a, ko Rubisco ɗinta yana samun abin da ya ishe shi a daidai hasken da ake ciki. Idan haske ya ƙaru, buƙata ta ƙaru, ƙarancin zai iya bayyana ko da ruwan bai canza ba, kuma lallai an ga haske mai ƙarfi yana kunna wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyin gado. Shigar 2-oksogulutaret cikin lissafin ma tana da ma'ana, domin a kansa ake ɗaura naitirojin. Yawansa yana gaya wa ƙwayar ko kabon da naitirojin suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Shi ya sa a binciken da Burnap da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, wanda ya duba dubban ƙwayoyin gado a lokaci guda, aka ga ƙwayar tana rage ɗaukar naitirojin yayin da take buɗe ƙofofin kabon.

Saƙonnin gadon suna fara hauhawa kafin a cika sa'a guda. Ƙera furotin da dasa su a fata yana ɗaukar wasu sa'o'i.

Ƙofofi biyar

Synechocystis tana da hanyoyi biyar na ɗaukar kabon, kuma ba duka ake buɗewa a kullum ba.

Biyu suna aiki ko da a lokacin yalwa. Akwai BicA, wadda Dean Price da abokansa na Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da ke Kanbera suka gano a 2004 a wata sayanobakteriya ta teku. Tana shigo da bayikabonet tare da sodiyom, tana kwasa da yawa, amma sai kayan sun yi yawa take iya kama su. Sai kuma NDH-1 mai lamba 4, wadda ke aiki a kan CO2 kai tsaye.

Ukun da suka rage su ne na ranar wahala. SbtA, wadda ƙungiyar Teruo Ogawa a Japan ta bayyana a 2002, ita ma da sodiyom take aiki, sai dai tana iya tsintar bayikabonet ko da ya yi ƙaranci matuƙa, ko da yake ba ta kwasa da yawa a lokaci guda. BCT1, wadda Tatsuo Omata ya bayyana a 1999, furotin huɗu ne suka haɗa ta, kuma ATP take ƙonawa kai tsaye, wato kuɗin ƙarfi na ƙwayar. Ita ce CmpR ke kunnawa. Ta ukun ita ce NDH-1 mai lamba 3, wadda NdhR ke dannewa tare da SbtA.

Waɗannan NDH-1 guda biyu suna buƙatar ƙarin bayani, domin ba ƙofofi ba ne a zahiri. Ba a fatar waje suke ba, suna kan fatun cikin gida da ake kira tailakoyid, inda ake kama haske. CO2 yana ratsa fata da kansa, shiga ko fita. Abin da suke yi shi ne su cafke shi a cikin ruwan ƙwayar su mayar da shi bayikabonet, suna amfani da ƙarfin lantarkin da haske ya samar, ko da kuwa bayikabonet ya riga ya yi yawa a wurin. Wannan yana sa CO2 ya yi ƙaranci a ciki, na waje ya riƙa kwararowa, kuma wanda ya yi yunƙurin tserewa a kama shi kafin ya kai fata. A 2020 aka ga siffar wannan injin a wata ƙwaya mai son ruwan zafi, Thermosynechococcus, aka tarar da sinadarin zinki a tsakiyar furotin CupA, inda ake ganin a nan rikiɗar ke faruwa.

A 2008 Ogawa da abokansa suka cire duka biyar ɗin daga Synechocystis. Ƙwayar ta kasa girma a iskar yau da kullum, amma ta rayu da aka ba ta iska mai CO2 da yawa.

Inda kayan ke zuwa

Tara bayikabonet kaɗai ba ya magance komai, tunda Rubisco ba ya cin sa. Sai an mayar da shi CO2, kuma wurin da ake mayarwar shi ne sirrin.

A cikin ƙwayar akwai wasu ƙananan ɗakuna masu kusurwoyi, waɗanda faɗinsu bai wuce nanomita ɗari zuwa 'yan ɗaruruwa ba. Bangonsu furotin ne zalla, babu kitse a ciki kamar sauran fatu. An fara hango su da madubin lantarki a 1956, sai a 1973 Jessup Shively ya ware irinsu daga wata bakteriya daban, ya tarar cike suke da Rubisco, aka sa musu suna kaboksizom. An jera bangon da furotin masu kusurwa shida, CcmK, masu 'yar huda a tsakiya, sai masu kusurwa biyar, CcmL, da ke toshe kusurwoyin ɗakin. Bayikabonet da RuBP suna shiga ta hudojin. A ciki akwai wani inzayim mai matuƙar sauri, kabonik anhaidares, da ke mayar da bayikabonet CO2 a daidai gaban Rubisco. Bangon yana rage wa CO2 saurin fita, sai ya taru har ya rinjayi oksijin.

Hujjar da ta fi gamsar da ni a duk wannan fage ta fito ne daga gwajin da Price da Badger suka yi a 1989. Sun ɗauki ƙwayar gadon kabonik anhaidares na ɗan Adam, wanda ke aiki a jininmu, suka dasa ta a Synechococcus PCC 7942, ta yadda inzayim ɗin zai zauna a ruwan ƙwayar, a wajen kaboksizom. Ba su cire komai ba. Ƙofofi suna nan, kaboksizom yana nan, Rubisco lafiyarsa ƙalau. Amma ƙwayar ta kasa girma a iskar waje. Duk bayikabonet ɗin da ta shigo da shi sai ya rikiɗe ya zama CO2 tun kafin ya isa ɗakin, ya sulale ta fata ya fice. Ta zama kamar mai jan ruwa da hudajjen guga: ƙarfi yana ƙarewa, randa ba ta cika. Gwajin ya tabbatar da cewa rashin wannan inzayim a ruwan ƙwayar yana da muhimmanci daidai da kasancewarsa a cikin kaboksizom.

Ba kamar ƙofofin gaggawa ba, kaboksizom yana nan ko a yalwa ko a rashi. A Synechococcus PCC 7942 an ga adadinsa yana ƙaruwa idan CO2 ya yi ƙasa ko haske ya yi ƙarfi, kuma akwai furotin biyu, McdA da McdB, da ke jera su a tsawon ƙwayar domin idan ta rabu biyu kowace 'ya ta samu rabonta.

Farashin da ake biya

Me zai hana ƙwayar ta bar duka ƙofofin a buɗe koyaushe? Tsada. Kowane bayikabonet da BCT1 ta shigo da shi ya ci ATP. SbtA da BicA sun dogara ne da sodiyom ya fi yawa a waje, kuma fitar da sodiyom ɗin da ya shigo yana cin nasa ƙarfin. Su kansu furotin ɗin da naitirojin ake ƙera su.

Shi ya sa akwai birki. SbtA tana da abokin tafiya, ƙaramin furotin mai suna SbtB, da ke manne mata ta ciki. Ɗakin binciken Karl Forchhammer a Jami'ar Tubingen ta Jamus ya nuna a 2018 cewa SbtB yana kama cAMP, sinadarin da ke da alaƙa da yalwar kabon, kuma yana kama danginsa irin su AMP da ke nuna halin ƙarfin ƙwayar. Abin da ya kama shi ke yanke ko zai manne wa SbtA ko ya sake ta.

Akwai kuma wani haɗari daban. Fitila ba ta mutu ba don an janye CO2. Haske yana ci gaba da turo lantarki, amma wurin zubar da shi, wato haɗa sukari, ya ƙuntata. Lantarkin da ya rasa mafita yana lalata injin kama haske. Ƙungiyar Eva-Mari Aro a Jami'ar Turku ta Finlan ta gano cewa furotin biyu, Flv2 da Flv4, suna hauhawa sosai a ƙarancin kabon, suna kare wannan injin.

Duk da wannan ƙoƙari, Rubisco ba ya daina kuskure gaba ɗaya. An daɗe ana zaton kaboksizom ya raba sayanobakteriya da matsalar 2PG. A 2008 Marion Eisenhut da Martin Hagemann na Jami'ar Rostok suka nuna cewa Synechocystis tana da hanyoyi uku na sarrafa wannan guba, kuma da aka toshe duka ukun, ba ta iya rayuwa sai a iska mai CO2 da yawa.

Daga kwalba zuwa tafki

Abin da ake yi da bututu a ɗakin bincike, tafki yana yin sa da kansa. Idan Microcystis, wata sayanobakteriya ta ruwan tafki, ta mamaye ruwa ta yi kauri, da rana tana zuƙe CO2 har pH ya haura 9, wani lokaci ya kai 10. Sauran tsirran ruwa suna galabaita, ita kuwa ta koma kan bayikabonet. Wannan ƙwaya ce ta saki gubar da ta hana kimanin mutum 400,000 shan ruwan famfo na kusan kwana uku a birnin Toledo na Amurka a Agustan 2014. Masu bincike a Jami'ar Amsterdam, ƙarƙashin Jef Huisman, sun gano cewa ba duk nau'o'in Microcystis ke da kayan aiki iri ɗaya ba: wasu SbtA kaɗai suke da ita, wasu BicA kaɗai, wasu duka biyun. Masu SbtA ne ke jure ranar da kabon ya ƙare, BicA kuma tana ba da fifiko idan ya wadata. Tunda CO2 na sararin duniya ya haura kashi 420 cikin miliyan, daga wajen 280 kafin zamanin masana'antu, wannan bambanci zai yi tasiri a kan nau'in da zai riƙa mamaye ruwan sha.

A kusa da gida kuma akwai tafkunan kanwa na yankin Kanem a Chadi, inda matan Kanembu ke ɗibar wata sayanobakteriya mai suna Arthrospira su shanya ta a yashi ta zama dihe da ake sawa a miya. A irin wannan ruwa CO2 a siffar iska kaɗan ne ƙwarai saboda pH ya yi sama, amma bayikabonet da kabonet sun yi yawa. Wanda ke da ƙofar bayikabonet kuma yake jure gishiri shi ke cin wurin kusan shi kaɗai.

Abin da ya sa manomi zai damu

Masara da dawa da gero suna da tasu hanyar tara CO2 a kusa da Rubisco, wadda ake kira C4, kuma tana cikin dalilan da suka sa suke jure zafi da ƙarancin ruwa. Shinkafa da alkama da wake da rogo ba su da ita, kuma zafi yana ƙara wa Rubisco ɗinsu kuskure. Wani lissafi da Justin McGrath da Stephen Long na Jami'ar Ilinoi suka wallafa a 2014 ya nuna cewa dasa cikakken tsarin sayanobakteriya a irin waɗannan tsirrai zai iya ƙara amfanin gona da kashi 36 zuwa 60 cikin ɗari. Lissafin kwamfuta ne, ba girbi ba.

A aikace an yi ɗan nisa. A 2014 masu bincike na Jami'ar Cornell da cibiyar Rothamsted ta Ingila suka maye gurbin Rubisco na ganyen taba da na Synechococcus. A 2018 ƙungiyar Kanbera ta samu ganyen taba ya ƙera kaboksizom mai sauƙin gini. A duka biyun tsirran sun buƙaci ƙarin CO2 kafin su girma, domin an ba su ɗakin ba tare da ƙofofin da ke cika shi ba. Sauran aikin shi ne a sa BicA ko SbtA su zauna a fatar ciki ta kuloroplas, wato ɓangaren ƙwayar ganye da ke haɗa abinci da haske, su fuskanci inda ya dace, su kuma yi aiki a can. Bayan haka sai a kawar da kabonik anhaidares da tsiron ke da shi tun asali a cikin ruwan kuloroplas ɗinsa, domin muddin yana nan, tsiron zai faɗa cikin halin da ƙwayar Price da Badger ta shiga a 1989.